Zan tafi aikin jinya Birmingham da iyalina, wane irin zama zan tarar?

Wata ƙanwarmu, nas ce a nan Kaduna, mazauniyar Unguwar Dosa, ta aiko da tambaya. Ta ce wani asibitin gwamnati a Birmingham ya ɗauke ta aiki, biza ta fito mata da maigidanta da 'ya'yansu biyu, babban shekara 6, ƙaramar shekara 3. Aikin bai ba ta tsoro, in ji ta, zaman ne take fargaba. Yaya rayuwar yau da kullum take a can, kuma me ya fi wahalar da mutanenmu idan sun je?

Ƙanwata, barka da arziki, Allah ya sa tafiyar ta zama alheri gare ku baki ɗaya. Na yi shekaru ina aikin jinya a Ingila kafin in dawo gida, na kuma tarbi 'yan'uwa da dama da suka sauka bayana, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Duk wanda kika tambaya zai fara da sanyi. Akwai sanyi kam, amma riga mai kauri da takalmin kirki sun gama da shi cikin mako biyu. Abin da na ga yana durƙusar da mutane daban ne, kuma ba a cika faɗinsa ba saboda a gida ba ma lura da shi. Ki zauna ki lissafa hidimar gidanki ta mako guda a Kaduna, za ki tarar rabinta ba ke kike yi ba. Ranar da kike dutin dare yara suna wajen Hajiya ko maƙwabciya. Gas ya ƙare, kin leƙa waje kin aiki yaron unguwa. Mai kayan miya ya san ki, zai jira ki har ƙarshen wata. Kina neman gidan haya, wani ya san wani a Kawo ko Malali, magana ta ƙare. A Birmingham duk waɗannan hannayen babu su. Abin da mutane suke yi miki a nan saboda sanayya, a can takarda ce ke yinsa, da lokacin da aka tsayar miki, da kuɗi. Aikinki na shekarar farko biyu ne: ki iya mu'amala da takarda da agogo, sannan ki gina jama'arki da gangan, domin ba za su taru da kansu ba.

Bari in fara da takarda, don ita ce ta fi sauƙi. A can komai yana rataye ne da adireshi. Banki zai nemi shaidar inda kike zaune, makaranta za ta nema, likita zai tambaya. Asibitoci da yawa suna ba sababbin ma'aikata masauki na 'yan makonni, to ki roƙi ofishin da ya ɗauke ki aiki su ba ki wasiƙa mai ɗauke da sunanki da adireshin, da ita za ki buɗe asusu. Shaidar izinin zama yanzu a intanet take, an daina amfani da katin da ake bayarwa a da tun ƙarshen 2024, saboda haka ki tabbata kowa a gidan, har yaran, yana da nasa asusun a shafin gwamnati, ki kuma adana bayanan shiga. Ki duba ko an ba ki lambar inshorar ƙasa, maigida ma ya nemi tasa, don da ita ake lissafin haraji. Kuma duk wasiƙar da aka zuro ta ƙofa ki buɗe ta a ranar. Mu mun saba duk abu mai muhimmanci da baki ake faɗa mana. Su wasiƙa suke aikowa, ta biyu ta zo da tara, ta uku ta zo da maganar kotu, ba kuwa wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya tuna miki.

A makon farko ku yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kyauta ne, kuma ta hannunsa ake bi a ga kowane babban likita. Kada ki jira sai yaro ya kwanta. Ki tafi da katin rigakafin yaran daga nan, za a tambaya. Ba a shiga kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta kai tsaye kamar yadda muka saba, ko da kuwa ke nas ce. Idan abu ya taso da dare wanda bai kai na gaggawa ba, 111 ake kira, idan rai ne a hannun Allah 999.

Maganar gida zan ɗan tsaya a kanta, don nan ake cutar baƙi. Kada ki tura wa kowa ko kwabo a kan gidan da ba ki shiga da ƙafarki ba, komai kyan hotunansa, ko da mai maganar ɗan Najeriya ne yana yi miki Hausa. A Ingila, tun dokar 2019, kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa bai wuce hayar mako 5 ba a gidajen da irinmu ke kamawa, kuma wajibi ne ya saka shi a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ki shaida. Idan kin je duba gida, kada fenti ya ɗauke miki hankali. Ki ja labule ki dubi kusurwar taga, ki matsar da kujera ki dubi bangon bayanta, ki buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ki shinshina. Baƙin tabo ko warin danshi alamar funfuna ce, kuma ita ce ke sa yara tari duk lokacin sanyi. Yawancin gidajen unguwannin da mutanenmu ke iya biya tsofaffi ne, an gina su jere bango ɗaya, suna shan kuɗin ɗumamawa. Ranar da kika karɓi makulli ki ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mitar wuta da ta gas. Idan rigima ta taso da mai gida, akwai Citizens Advice da Shelter, suna ba da shawara kyauta.

Albashi kuma, ki daina juya shi zuwa naira tun daga yau, ki kuma roƙi maigida ya daina. Nas da ta gama rajista tana farawa ne a mataki na 5, wajen fam dubu 30 da ɗoriya a shekara. Bayan an cire haraji da inshorar ƙasa da fansho, abin da zai shigo hannu kusan fam 2,000 ne a wata, kuma kafin ki ci OSCE, jarrabawar gwajin aiki ta hukumar rajistar nas-nas (NMC), a ƙasa da haka za a biya ki. Hayar gida mai ɗaki biyu za ta iya cinye kusan rabi. Sai harajin gida na ƙaramar hukuma, wanda ɗan haya ne ke biya ba mai gida ba, sai wuta, gas, ruwa, intanet, kuɗin bas. Irin bizarku ba ta ba ku damar karɓar tallafin gwamnati kamar kuɗin yara ba, amma ta yafe muku kuɗin lafiyar da sauran baƙi ke biya. Ina faɗin wannan dalla-dalla ne saboda 'yan'uwa a gida za su ji adadin farko ne kawai, su ninka shi da farashin canji. Taimakon iyaye da dangi wajibi ne, ba na ce ki rufe hannu ba. Amma ku yanke adadi guda da za ku riƙa aikawa duk wata, ku faɗa wa babba ɗaya a kowane ɓangare, buƙatu su riƙa bi ta hannunsa. Na ga mata suna karɓar ƙarin duti a ranakun hutunsu wata da watanni don kada a ce sun canza, har jikinsu ya gaza.

Yanzu ga inda na fi so ki saurare ni, wato cikin gida. Aikin nas a asibitin NHS, wato na gwamnati, awa 37 da rabi ne a mako, kuma a yawancin ɗakunan kwanciya ana yinsa ne a dogon duti na wajen awa 12, na rana ko na dare. Ranar da kike aiki, za ki fita yara suna barci, ki dawo sun kusa kwanciya. Wa zai kai babban makaranta ƙarfe tara saura, ya ɗauko shi uku da 'yan mintoci? Wa zai zauna da ƙaramar? Kowane yaro mai shekara 3 ko 4 a Ingila yana da awa 15 kyauta a mako a gidan reno lokacin karatu, ita ma za ta samu, amma awa 15 ba ta rufe mako ba, kuma kuɗin ƙari yana da tsada ƙwarai. Amsar a yawancin gidajenmu ita ce maigida. Mutumin da a Kaduna yake da ofis ko shago, ake gaishe shi a majalisa bayan Magariba, shi ne zai tura keken yara cikin yayyafi, ya ɗumama abinci, sannan ya nemi aikin da ya dace da jadawalinki, sau da yawa aikin da bai kai iliminsa ba. Ga kuma biza da sunanki take, shi a ƙarƙashinki ya shigo. Wannan yana yi wa maza da yawa nauyi a zuci, ko da ba su furta ba, kuma na ga gidajen da suka zo lafiya suka watse a kansa, ba don wani mugu ne a cikinsu ba, sai don ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Ku yi ta tun kuna nan, a natse, ba a gaban yara ba. Wa zai yi me, kuɗi a asusu ɗaya za su zauna ko biyu, wane karatu ko takardar ƙwarewa shi zai nema don kada ya daɗe a aikin wucin gadi. Ke kuma ki kiyaye harshenki ranar da gajiya ta yi miki yawa. Kalma ɗaya a kan wanda ya kawo wani ƙasar tana iya ɓata abin da aka gina shekara goma. Idan yana hidimar gida ki gode masa a fili, ki kuma bar shi ya samu nasa lokacin fita, ya je masallaci, ya zauna da maza 'yan'uwansa. Shi ya fi ki shiga hatsarin kaɗaici, don ke kina da abokan aiki tun ranar farko, shi kuwa bango huɗu ne da yara.

Tarbiyya ma sai an sake salo. A yankunan Birtaniya, Scotland ta haramta dukan yaro kwatakwata a 2020, Wales a 2022. A Ingila doka ba ta kai nan ba, amma duk dukan da ya bar tabo laifi ne, kuma malaman makaranta aikinsu ne su kai rahoto idan yaro ya faɗi wani abu ko sun ga alama. Ga nas abin ya fi tsanani, don magana irin wannan tana iya taɓa rajistarki. Haka barin yara su kaɗai a gida, ko da za ki je shago ne ki dawo. A nan ba ma ɗaukarsa komai saboda gidan ba ya rabuwa da mutane, a can kuwa idan kin rufe ƙofa su kaɗai ne da gaske. Makarantar gwamnati kyauta ce, ta hannun ƙaramar hukuma ake neman gurbi. Ana ba yaro ranar Sallah idan kin sanar, amma cire shi lokacin karatu don zuwa biki a gida yana jawo tarar fam 80 a kan kowane yaro, uwa daban uba daban. Kuma ki riƙe musu Hausa a cikin gida da ƙarfi. Cikin wata shida za su fara ba ki amsa da Turanci. Kada ki yi musu faɗa, ki dai ci gaba da yi musu Hausa, ki haɗa su da kakanninsu a waya duk mako, su yi hira ta gaske ba gaisuwa kawai ba.

A wajen aiki iliminki ba zai ba ki kunya ba, nas ɗin da ta yi aiki a asibitocinmu ta ga abin da da yawansu ba su gani ba. Salon mu'amala ne zai ba ki mamaki. Shugabar ɗaki da babban likita duk da sunansu na yanka ake kiransu. Sunkuyar da kai da muke yi don ladabi, su suna iya ɗaukarsa rashin gaskiya ko rashin tabbas, don haka ki dubi mutum idan kina magana. Umarni a sigar roƙo suke bayarwa, gyara ma a lulluɓe yake zuwa, sai ki saurara da kyau. Harshen mutanen Birmingham yana da nauyi a kunne, musamman tsofaffi da kuma a waya, kada ki ji kunyar cewa a maimaita. Duk abin da kika yi wa majinyaci ki rubuta a lokacin, don abin da ba a rubuta ba a wajensu ba a yi shi ba. Ana sa ɗankwali ko ƙaramin hijabi a bakin aiki, amma ƙa'idar tsafta ta ce hannu ya zama a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa lokacin taɓa majinyaci, sai ki tambayi tsarin asibitinku tun farko. Manyan asibitoci suna da ɗakin ibada. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago, RCN ko Unison, tun watan farko, kafin wata matsala ta taso. Za ki haɗu da majinyacin da zai ƙi ki saboda launin fata ko hijabi. Ba su da yawa, amma akwai su. Kada ki haɗiye, ki rubuta rahoto, haƙƙinki ne.

Sai rana da dare. A Kaduna Magariba ba ta yin nisa da inda ta saba duk shekara. A Birmingham, cikin Disamba, rana tana fitowa bayan ƙarfe 8 ta faɗi kafin ƙarfe 4, sai ki ga Azahar da La'asar da Magariba sun taru cikin 'yan awoyi, ki shiga aiki da duhu ki fito da duhu. A Yuni kuma sai tara da rabi na dare rana ke faɗuwa, Isha ta yi nisa, Asuba ta matso, barci ya rikice. Ki karɓi jadawalin masallaci ɗaya ki bi shi. Kin yi sa'a azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ƙarshen sanyi ne, yini gajere. Waɗanda suka yi na 2015 da 2016 sun kai awa 18 suna azumi. Suna kuma juya agogo sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba: lokacin zafi agogonku ɗaya da Najeriya, lokacin sanyi muna gabanku da awa guda. Ƙarancin hasken nan yana taɓa jiki da zuciya. Hukumar lafiyarsu tana ba kowa shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, a watannin sanyi, masu duhun fata da masu rufe jiki kuma duk shekara. Ku sha, ke da shi da yaran. Idan kin ga wata uku ko huɗu da zuwa kuka yana zo miki ba dalili, barci ya ƙi, komai ya fita ranki, wannan sananne ne ga baƙi, ba raunin imani ba ne. Ki yi addu'a, ki kuma faɗa wa likita.

Abinci ba zai ba ki wahala ba. Kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Birmingham Musulmi ne bisa ƙidayar 2021, naman halal yana ko'ina a Coventry Road da ke Small Heath, da Alum Rock, da Stratford Road, kuma a kasuwar Bull Ring za ki samu doya da manja da attarugu. Abin da ya kamata ki shiga Kasuwar Gumi ki saya shi ne kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yajinki, a ɗaure su da kyau. Amma kilishi, dambun nama da man shanu kada su shiga jaka, doka ta hana shigar da nama da kayan madara daga Najeriya, za a ƙwace. Lasin tuƙinki na nan zai yi miki wata 12 kacal, kuma ta hagu suke tuƙi kamar yadda mu ma muke yi kafin 1972, to ki nemi ranar jarrabawar tuƙi da wuri don layin yana da tsawo. Kuma da yake Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kuna da damar yin rajistar zaɓe, wannan rajistar tana taimakawa wajen sa bankuna su yarda da ku.

Jama'a kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Hausawa ba su kai Yarbawa da Ibo yawa a can ba, amma akwai su, ɗalibai da likitoci da nas-nas, kuma a sallar Juma'a ake gano juna, a masallacin Green Lane ko babban masallacin da ke Highgate. Ki nemi mace ɗaya da ta riga ki zuwa da 'yan shekaru, mai hankali, ki riƙe ta. Kada ki tsaya a kan Hausawa kaɗai. Matar Somaliya ko 'yar Pakistan da kuke haɗuwa a ƙofar makaranta kullum, ko Baturiyar da ke maƙwabtaka da ku, wata rana ita ce za ta ɗauko miki yaro idan duti ya riƙe ki. Sai dai a can ba a faɗo wa mutum gida ba sanarwa, sai an yi waya an sa rana, wani lokaci mako biyu gaba. Kada ki ɗauki wannan wulaƙanci. Ke ki fara gayyata, ki dafa shinkafa da miya ko ki soya masa ranar hutunki, ki kira gida biyu. Ki aika wa maƙwabta abincin Sallah. Ki yi wa wata renon yaranta yau, gobe ta yi miki.

Akwai abu ɗaya da ba shi da magani, gara ki san shi tun yanzu. Jirgi daga Landan zuwa Abuja awa shida ne da ɗoriya, amma mu ba ma ajiye gawa. Wata rana waya za ta zo kina tsakiyar aiki, kafin ki samu tikiti an dawo daga maƙabarta. Saboda haka ki ware kuɗin tikiti guda a gefe wanda ba a taɓa shi, fasfo ɗin kowa ya kasance da sauran wa'adi, ki kuma san tun farko yadda ake neman hutun rasuwa a wajen aikinki. Kafin ki tashi ki zaga dangi, na Rigasa da na Tudun Wada da na Zariya, ki yi sallama da tsofaffi ido da ido.

Dokokin zama suna yawan sauyawa. An daɗe ana ba da izinin zama na dindindin bayan shekara 5, amma a 2025 gwamnati ta fito da shawarar tsawaita wa'adin, don haka ki riƙa duba shafin gov.uk da kanki, kada ki dogara da abin da ake yaɗawa a WhatsApp. Idan kuma Allah ya kai ku zuwa hutun farko a gida, ku je wajen likita ko kemis a ba ku maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin ku taso. Kariyar da jiki ya saba da ita tana raguwa idan mutum ya daɗe ba ya ƙasar, yara kuma sun fi shiga hatsari. Bayan kun koma, duk wanda ya yi zazzaɓi a cikinku, ko da bayan watanni ne, ki faɗa wa likita kai tsaye cewa daga Najeriya kuka dawo, ki nemi a yi gwajin jini a ranar.